Zan zauna a gidan 'yan Filifin: yaya zan yi da gaisuwa, abinci da zaman tare?

Tambaya: Na samu gurbin karatun aikin jinya a ƙasar Filifin, an kuma sama mini ɗaki a gidan wata dattijuwa Kirista da ke ba ɗalibai haya, da abinci a cikin kuɗin. Ni Musulmi ne, ban taɓa fita waje ba. Ina so in san yadda zan gaishe su, abin da zan ci da wanda zan guje wa, da abin da ke ɓata musu rai.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kyauta da ka yi tambaya tun kafin ka ɗaure kaya. Tarbiyyar da ka taso da ita ta girmama na gaba da jin nauyin mutane za ta yi maka aiki sosai a can, domin 'yan Filifin suna da abin da suke kira hiya, wanda ya yi kusa da kunyarmu ƙwarai. Kusan duk matsalar da baƙo ke shiga a gidajensu daga wuri ɗaya take tasowa: ya kunyata wani a gaban mutane ba tare da ya sani ba. Don haka duk wata buƙata taka ta addini ko ta abinci, ka faɗe ta da wuri, a keɓe, da murya ƙasa-ƙasa, kafin ta zo ta same ku a gaban baƙi.

Ka fara sanin garin da za ka. Ƙasar tsibirai ce sama da 7,600, an kasa su kashi uku: Luzon a arewa, Bisayas a tsakiya, Mindanao a kudu, kuma harsunansu sun haura 170. Tsarin mulkin 1987 ya ɗauki Filipino, wanda aka gina a kan Tagalog, da Turanci a matsayin harsunan hukuma. Da Turanci za a koyar da kai. Amma a Manila da kewaye Tagalog ake yi a gida, a Cebu da Dabao kuwa Bisaya, a Baguio za ka ji Ilokano da yawa. Jimlolin da zan ba ka na Tagalog ne, kusan kowa zai gane su, sai dai mutumin Cebu ya fi jin daɗi ka koyi nasa, kuma sau da yawa ya gwammace ya amsa maka da Turanci a kan Tagalog.

Kalma ta farko da za ka riƙe ita ce po. Ba ta da fassara, aikinta girmamawa kawai. Salamat na nufin na gode, ga babba sai ka ce salamat po. Oo shi ne e, ga babba opo. Hindi shi ne a'a, ga babba hindi po. Gaisuwar safe magandang umaga po, ta yamma magandang hapon po, ta dare magandang gabi po. Ko da Turanci kake magana ka liƙa po a ƙarshen jimla, su ma haka suke yi. A yankin Bisaya ba asalin al'adarsu ba ce, ba wanda zai ga laifinka in ka bar ta, ba kuma wanda zai ji haushi in ka yi ta.

Akwai wani abu da ba zai ba ka wuya ba. Kamar yadda muke cewa dattijo "kun tashi lafiya" da jam'i, su ma haka. Ga sa'anka ka ce kumusta ka, wato yaya kake (ka ɗin tasu ta yi daidai da tamu, sai dai mace da namiji duk da ita ake kiransu). Ga uwar gidanku kuwa kumusta po kayo, kayo shi ne ku. In ka yi wa tsohuwa ka ko ikaw tsurarsa, ba za ta ce komai ba, amma ta ji.

Kada ka kira wanda ya girme ka da gatsal sunansa, ko da shekara biyu ya ba ka. Namiji Kuya, mace Ate, kamar dai Yaya. Sa'ar mahaifiyarka Tita, sa'an mahaifinka Tito, tsohuwa Lola, tsoho Lolo. Ka saurari yadda sauran ɗalibai ke kiran mai gidan, ko Tita ko Nanay wato Inna, haɗe da laƙabinta, ka bi sahu. Direba, mai gadi, mai shago duk Kuya ko Ate ne, in sun manyanta Manong da Manang. A makaranta da asibiti ana riƙe da muƙami da ƙarfi: malama Ma'am, malami Sir, likita Doc, sannan sunan. Kusan kowa yana da laƙabi, irin su Jun, Bong ko Len-Len, har manyan 'yan siyasa da shi ake kiransu, saboda haka kada ka yi mamaki in sun gajarta naka suna a makon farko. Alama ce ta sun sake da kai.

Sai mano. Yaro ko saurayi in ya shigo gida ya tarar da dattijo, yakan ce mano po, ya kama hannun daman dattijon da nasa hannun dama, ya ɗan rusuna, ya taɓa bayan hannun a goshinsa, dattijon ya sa masa albarka. Ba sumba ake yi ba, taɓawa ce ta ɗan lokaci. Ana yi wa kakanni, iyaye da iyayen abokai. Ba a yi wa mace mai matsakaicin shekaru da ba ta miƙo hannu ba, don tana iya ɗauka ka mai da ita tsohuwa. In ba ka musafaha da matan da ba muharramanka ba, ga inda ake samun kuskure: tsohuwa ta miƙo hannu a gaban 'ya'yanta da jikokinta, kai kuma ka ja da baya. Wannan cin fuska ne babba a wurinsu. Maganinsa shi ne tun ranar farko ka gaya mata ku biyu cewa addininka ya koya maka girmama mata ta hanyar dafa ƙirji, sannan kullum ka riga ta: hannun dama a ƙirji, ka sunkuyar da kai, ka yi murmushi, ka yi gaisuwa da po. In ka riga ta, ba za ta kai ga miƙo hannu ba. Haka za ka yi da beso, gaisuwar haɗa kumatu da matan birni ke yi.

In ka je ƙofar wani gida, sallamarsu ita ce tao po, wato akwai mutum a nan. Za a ce tuloy po kayo, ku shigo. Ka cire takalmi a bakin ƙofa ko da an ce ka bar shi, yawanci akwai silifas na cikin gida, tsinelas. In za ka ratsa tsakanin mutum biyu masu hira ko gaban masu kallon talabijin, ka ɗan duƙa, ka miƙa hannu gaba, ka ce makikiraan po.

Yanzu abinci, inda aikin yake. Shinkafa ake ci safe, rana da dare, har suna da suna ga kowane halinta: palay shanshera, bigas wadda aka cashe, kanin dafaffiya, tutong ƙanzo. Duk abin da aka ci da ita, nama ne ko kifi ko ganye, ulam ne. Ana ci da cokali a dama da cokali mai yatsu a hagu, na hagun yana tura abinci cikin na daman, don haka da dama za ka kai baki. Ci da hannu ma al'adarsu ce, kamayan. In ka wuce wani yana cin abinci zai ce kain tayo, mu ci. Bismillarmu ce sak, ba lallai yana nufin ka zauna ba. Ka ce salamat po, busog pa ako, na gode a ƙoshe nake. In ya maimaita sau biyu ko uku ya jawo kujera, to da gaske yake.

Alade, baboy, shi ne naman da ya fi yawa a tukunyarsu. Wanda yake a fili ba ya wahalar ganewa: lechon gasasshen alade sukutum na biki, crispy pata soyayyar ƙafa, sisig yankakken naman kai da kunne, tocino naman alade mai zaƙi da longganisa tsiran alade na karin kumallo, chicharon soyayyar fata. Ka kiyayi dinuguan, baƙin romo mai kauri da ake yi da jini, wanda wasu ke yi wa laƙabi da naman cakulan don su ja hankalin yara. A wurin masu gashi a bakin titi akwai betamax, daskararren jini ne da aka yanka murabba'i, da isaw, hanjin kaza ko na alade.

Wanda ya fi cin mutane shi ne ɓoyayyen. Ga mai girki a can, abincin ganye da aka ɗanɗana da ƙananan yankan alade abincin ganye ne, ba ƙarya take yi maka ba in ta ce gulay lang, ganye ne kawai. Pinakbet, haɗin kabewa da kuɓewa da gauta, yawanci da alade ake soya shi. Monggo, faten ƙananan koren wake da aka saba yi ranar Juma'a, ana barbaɗa masa chicharon. Taliyarsu pancit tana zuwa da yankan alade. Lumpiang shanghai niƙaƙƙen alade ne a ciki. Sufagetinsu mai zaƙi da jan tsiran alade ake yi. Adobon kaza, wato kazar da aka dafa da ruwan tsami da tafarnuwa, sau da yawa ana haɗa shi da alade a tukunya ɗaya don ya yi maiƙo. Dunƙulen ɗanɗano ma kala-kala ne, akwai na kaza, na sa, na jatan lande da na alade, kuma mai girki na iya jefa na alade a miyar kifi. Akwai wani ɗan burodi mai suna hopia baboy da ake yi da kitsen alade. A jikin kwali ko leda ka duba kalmomin pork, lard da gelatin. Sannan kasko: da safe akan soya longganisa, a soya ƙwai da shinkafar jiya da tafarnuwa a cikin man da ya rage.

Saboda haka tambaya ɗaya ba ta isa ba. Ka haddace waɗannan: Muslim po ako, ni Musulmi ne. Hindi po ako kumakain ng baboy, ba na cin alade. May baboy po ba ito, akwai alade a ciki? Sannan ka ƙara da kahit mantika o sabaw ng baboy, ko da mansa ko romonsa. Da Bisaya: dili ko mokaon og baboy. Ga sauran kalmomin Tagalog: manok kaza, baka sa, kambing akuya, isda kifi, hipon jatan lande, itlog ƙwai, dugo jini, alak giya. Ka zauna da uwar gidan a ranar farko ko ta biyu, ba a kan teburin cin abinci ba, ka yi mata bayani dalla-dalla, ka kuma sayi kaskonka da ludayinka da ƙaramar tukunya ka yi musu alama. Ka gabatar da shi a matsayin sauƙaƙa mata aiki. In ka bari sai ta sha wahalar girki ta ajiye a gabanka sannan ka ture, ka kunyata ta, kuma ba za ta manta da wuri ba.

Kaza da naman sa na kasuwa ba yankan Musulmi ba ne. Malamai sun yi saɓani a kan yankan Ahlul Kitabi a irin mayankan zamani, ka tambayi malaminka tun kana gida ka tafi da matsaya. Kifi dai ba shi da wannan damuwar, ga shi a wadace kuma da araha. Sinigang na kifi ko jatan lande romo ne mai tsami da ake yi da tsamiya, za ka so shi. Akwai gasasshen kifin bangus, akwai paksiw na kifi da ruwan tsami da citta, akwai tortang talong, gasasshen yalo da aka tsoma a ƙwai aka soya (ka tambaya, wani lokaci ana sa niƙaƙƙen nama). A kasuwa za ka ga abubuwan gida da wasu sunaye: malunggay zogale, saluyot lalo, okra kuɓewa, kamote dankali, kamoteng kahoy rogo, mani gyaɗa. Abincinsu ya fi karkata ga tsami, gishiri da zaƙi, yaji kaɗan ne in ban da yankin Bikol da na Musulmin kudu, sai ka nemi ɗan ƙaramin barkononsu siling labuyo. Kilishi da dambun nama kuwa kada ka ɗauka, ba a shiga da nama sai da izini, a filin jirgi za a karɓe.

Ina ba ka shawara ka koyi adobo da kanka, domin in ka samu kazar halal shi ne girkin da zai riƙe ka kwana biyu ko uku, kuma ranar da ka dafa ka zuba wa mutanen gida, zamanku zai canza. Kaza kilo 1, toyo wato baƙin ruwan waken suya rabin kofi, suka wato ruwan tsami na rake ko na kwakwa sulusin kofi, tafarnuwa ƙwaya 8 zuwa 10 a daddake, ganyen laurel 3, ƙwayar paminta wato baƙin masoro cokalin shayi 1, ruwa kofi 1. Ka jiƙa kazar a toyo da tafarnuwa minti 30. Ka tsame ta ka soya sama-sama a mai cokali 2 har ta yi ja. Ka juye ruwan jiƙon da ruwa da ganyen da masoron, ka rage wuta, ka rufe minti 20. Sannan ka zuba suka, ka bar tukunyar a buɗe, kada ka juya har ta tafasa kamar minti 5. Masu girkinsu sun tsaya a kan wannan, don in ka juya da wuri ɗanyen tsamin yakan zauna a miyar. Ka ƙara minti 10 har romon ya yi kauri. Kada ka sa gishiri, toyo yana ƙara gishiri yayin da ruwa ke ƙonewa, nan ne masu koyo ke ɓata shi. In ya yi yawa ka yanka dankalin turawa a ciki ka ƙara ruwa kaɗan. Wannan lokacin na kazar gidan gona ne, kazar gida tana neman awa ɗaya ko fiye. Washegari ya fi daɗi.

Giya tana cikin zaman maza. Akwai tagayan, kofi ɗaya ke zagayawa hannu zuwa hannu. Ka ce hindi po ako umiinom, ba na sha, ka faɗa da fara'a sau ɗaya. Da yawansu sun yi aiki a Saudiyya, Dubai, Kuwaiti ko Katar, ko suna da ɗan'uwa a can, sun san Musulmi ba ya sha, ba za su matsa ba.

Abu na gaba shi ne gane e da a'a, kuma ina ganin bayan alade wannan ne ya fi muhimmanci. Ɗan Filifin ba ya son ya ce maka a'a a fuska. In ka gayyace shi ya ce titingnan ko, zan duba, ko susubukan ko, zan gwada, ko siguro, wataƙila, yawanci ya ƙi ne cikin ladabi. Opo ma wani lokaci na ji ka kawai take nufi. In abin mai muhimmanci ne, kamar aikin rukuni a makaranta, ka tsayar da rana da sa'a, ka sake tuntuɓa ta saƙo, ka kuma bar masa ƙofar fita: "in ba za ka samu dama ba, ba komai, ka gaya mini in nemi wani." Ɗaga gira sama alamar e ce ko gaisuwa. Nuni da leɓe, wanda a wurinmu zunɗe ne, a can nuna hanya ce kawai. In za ka yafito mutum, tafin hannu ya kalli ƙasa. Lanƙwasa yatsa ɗaya sama kiran kare ne. In wani ya yi kuskure ya kama dariya, kunya ce ta kama shi, kada ka ɗauka raini ne.

Muryarka ma ka lura da ita. Yadda muke hira a waya da ƙarfi, da musu na raha tsakanin abokai, a kunnensu faɗa ne, za ka ji an tambaye ka galit ka ba, fushi kake yi? Kada ka ɗaga murya ga ma'aikacin ofis, mai gadi ko ma'aikaciyar jinya a gaban jama'a, ko da gaskiya na wurinka. Takardarka ce za ta daɗe a kan tebur, kuma duk wanda ke wurin zai koma bayansa. In wani abu ya dame ka a gida, misali ruwa ko hayaniya, ka bi ta hannun wani ɗalibi da ya daɗe a gidan, ko ka fara da pasensya na po, a yi haƙuri, sannan ka kawo maganar kamar roƙo. In kuma ka ga uwar gida ta rage magana, tana amsa maka da kalma ɗaya-ɗaya, wannan tampo ne, fushi na shiru. Ba a yi masa tambayar "me na yi" a tsaye. Lallashi ake yi: ka dawo da ɗan 'ya'yan itace, ka taya ta ɗaukar cefane, ka ba da haƙuri ko ba ka gano laifin ba tukuna. Rikicin da ya fi ƙarfin gida, kamar na kuɗin haya ko na maƙwabci, ofishin barangay ake fara kai shi, wato ƙaramar hukumar unguwa, inda shugabanta ke zaman sulhu kamar mai unguwa kafin a je kotu.

Maganar launin fata ba zan ɓoye maka ba. Za a kalle ka, yara za su bi ka da ido, wani zai so taɓa gashinka, kuma za ka ji kalmomi irin su negro ko itim daga bakin mutanen da yawancinsu ba su san nauyinsu ba. Ƙasa ce da ake tallar man bilicin a kowane lungu, kuma suna faɗin siffar jiki kai tsaye har a tsakaninsu, ka yi ƙiba, ka rame, ka yi baƙi. Wanda kuke tare kullum ka gaya masa a keɓe cewa kalmar ba ta yi maka daɗi, ka ba shi sunan da zai kira ka, galibi zai ji kunya ya daina. Wanda ya ci gaba da gangan a makaranta ka kai maganarsa ofishin kula da ɗalibai a rubuce. Kai ma ka kame bakinka: za ka haɗu da maza masu shigar mata a aji, a asibiti da shagon aski, kuma dokar 2019 da suke kira Bawal Bastos tana hukunta yi wa mutum ba'a ko tsokana ta wannan fuskar a bainar jama'a, haka ma yi wa mace fito a titi.

Ibadarka ba za ta gagara ba. Musulmi sun kai kusan kashi 6 cikin 100 a ƙidayar 2020, mafi yawansu a Mindanao da tsibiran Sulu, manyan ƙabilunsu Maranao, Magindanao da Tausug. Musulunci ya riga Sifaniyawa isa can: masallacin Shehu Karimul Makhdum a tsibirin Simunul ana danganta kafuwarsa da 1380, mulkin Sifaniya kuwa a 1565 ya fara. Ƙaramar Salla da Babbar Salla duk ranakun hutu ne na ƙasa. A Manila akwai Masallacin Zinariya a unguwar Kiyapo da aka gina a 1976, kewaye da gidajen abinci da mahautan halal. A sauran birane ka nemi 'yan kasuwar Maranao masu sayar da wayoyi da kayan ado, su za su nuna maka masallaci da inda ake yanka. Ka ɗanɗani pastil, shinkafa da zazzagaggen naman kaza a ganyen ayaba, abincin ɗalibi mai araha. Ka tuna alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Juma'a ranar karatu ce, ka nemi izinin malamin da ke kula da aikinku na asibiti tun farkon zango. A gidan za ka ga ɗan wurin addu'a da mutum-mutumin Santo Ninyo, wato Yesu yana yaro, wataƙila da gicciye a bangon ɗakinka. Kada ka sauke shi da hannunka ka tura ƙarƙashin gado, ka roƙe ta ta ɗauke da kanta. Gidaje da yawa suna da kare a ciki, ka riƙa rufe ƙofarka ka ajiye darduma a sama. Banɗaki, wanda suke kira CR, yana da tabo, moɗar roba mai mariƙi, da bokiti, domin su ma da ruwa suke tsarki. Suna wanka sau ɗaya ko biyu a rana, suna kuma lura da warin jiki ƙwarai a cikin zafi mai gumi irin nasu.

A titi kalmomi kaɗan sun ishe ka. A jifni, motar hayarsu mai dogon benci biyu, ka miƙa kuɗi ga na kusa da kai ka ce bayad po, zai bi hannu-hannu har wurin direba, canji ya dawo ta hanyar. In an miƙo maka na wani kai ma ka wuce da shi. In za ka sauka ka ce para po. A shagon unguwa, sari-sari, ka ce pabili po. Magkano po, nawa ne. Sau da yawa da lambobin Sifaniyanci ake faɗin kuɗi da lokaci: kinse 15, bente 20, singkuwenta 50, alas dos ƙarfe 2. Suna gaban Najeriya da Nijar da awa 7. Soket ɗinsu mai baki biyu faffaɗa ne, ka sayi mahaɗi. Guguwa kusan 20 ke shiga yankinsu a shekara, mafi yawa daga Yuni zuwa Nuwamba. In hukumar yanayi PAGASA ta ɗaga lambar gargaɗi ka cika bokiti, ka yi cajin waya, ka zauna a gida. Kada ka riƙe wa kowa ƙunshin da ba ka san cikinsa ba, dokar ƙwaya ta 2002 tana kai mutum ɗaurin rai da rai, kuma baƙo ba ya shiga zanga-zangar siyasa, ana korar sa daga ƙasar.

Batun kuɗi da kyauta yana da nasa tsari. Ranar zagayowar haihuwa mai ranar ne ke ciyar da abokai. In an ce KKB, kowa zai biya nasa. Yankan ƙarshe a faranti akan bar shi, kowa na jin kunyar ɗauka, kuma bayan biki za a ƙunsa maka abinci ka tafi da shi, ka karɓi wanda ya halatta gare ka. Suna da utang na loob, bashin alheri da ba a biyan sa da kuɗi: wanda ya kwana da kai a asibiti ko ya tsaya maka a ofishin shige da fice, yana sa ran ranar da tasa ta taso za ka tsaya masa, ka riƙa halartar sha'aninsa. Rance kuwa za a nema wurinka, domin ana ɗauka ɗalibin waje mai kuɗi ne. Ka ba da abin da za ka iya yafewa, in babu ka ce pasensya na po, sakto lang po ang pera ko, kuɗina daidai buƙatata suke. In ka yaba jariri za ka ji an ce pwera usog, wani lokaci a roƙe ka ka shafa masa ɗan yawu a ƙafa ko goshi, tsoron kambun baka ne. Tubarkallarka in ka fassara musu ita za su ji daɗi.

Akwai yiwuwar uwar gidanku tana da ɗa ko 'ya a waje, ma'aikaciyar jinya, matuƙin jirgin ruwa ko mai aikin gida, domin kuɗin da irin waɗannan ke aikowa ya haura dala biliyan 30 a shekara. Tun Satumba ake fara waƙoƙin Kirsimeti, daga 16 zuwa 24 ga Disamba ana fita addu'ar asuba ta Simbang Gabi, kuma a wannan tsakanin ne babban kwalin balikbayan, wato kayan da na waje ke aikowa gida, ke isowa, wanda aka yi watanni ana cika shi da sabulu, cakulan, takalma da abincin gwangwani. In an buɗe aka miƙo maka wani abu, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, gwangwanin nama ka duba jikinsa daga baya a ɗakinka. A daren 24 za a kira ka cin Noche Buena, liyafar daren Kirsimeti. In ba za ka zauna ba ka faɗa tun da kwanaki, in za ka zauna ka kawo adobonka.

Tsaraba, pasalubong, wajibi ce kamar a gida. Ka tafi wa dattijuwar da turmin atamfa ko jakar fata ta dukawa, mazan gidan kuma hula, kuma ko garin da ke kusa ka je na kwana biyu ka dawo da ɗan abin taɓawa. Kullum in za ka fita ka ce aalis na po ako, zan tafi, za ta ce ingat, ka kula. In ka dawo ka ce nandito na po ako, na dawo. In za ka yi dare ka aika mata saƙo kafin magariba, domin yawancin irin waɗannan gidaje suna da lokacin kulle ƙofa, kuma tsohuwar ba za ta kwanta ba sai ta ji shigowarka.